Idan Gilashin Taga Mai Falle Biyu Ya Kwana da Raɓa: Yadda Ake Gane Dalili da Abin da Ya Kamata a Yi

A ƙarshen daminar bara, cikin watan Satumba, yayana ya kira ni a waya jim kaɗan bayan sallar asuba, kuma tun daga gaisuwa na fahimci ransa a ɓace yake. Bai daɗe da tarewa a gidan da ya gina a Hotoro ba, inda ya kashe kuɗi masu yawa wajen sa tagogi masu gilashi falle biyu, irin waɗanda ke hana zafi da sanyi ratsawa. Ya ce mini, "Zo ka ga abin da mai alminiyom ɗin nan ya yi mini, gilashin falo duk ya jiƙe, ko tsakar gida ba na iya gani." Da na isa sai na tarar babbar tagar da ke kallon filin gidan ta yi fari fat da ruwa a tsakiyarta, amma gefunanta huɗu, kimanin faɗin yatsa uku, a bushe suke. Na zagaya ta waje na ja yatsa a kan gilashin, sai ga layi ya fito sarai, ruwa ya gangaro ta ƙarƙashinsa. Na ce masa, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, gilashin nan lafiyarsa ƙalau, aikin da ka saye shi dominsa ne yake yi." Tun daga ranar na lura cewa mutane da dama a Kano suna faɗawa cikin wannan ruɗani, har wasu su yi rigima da ma'aikacin da bai yi musu laifi ba, wasu kuma su ƙyale ɓarna ta gaskiya suna zaton raɓa ce kawai.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka kira kowa, shi ne ka tabbatar da fuskar da ruwan yake. Gilashi mai falle biyu yana da fuska huɗu, kuma masu sana'ar suna ƙirga su daga waje zuwa ciki: ta farko ita ce mai kallon tsakar gida, ta biyu da ta uku su ne ke fuskantar juna a cikin ratar da aka rufe, ta huɗu kuma ita ce ta cikin ɗaki. Ka shafa yatsa ta cikin ɗaki, sannan ka fita ka shafa ta waje. Idan ruwan ya goge ta waje, raɓa ce ko gumin sanyi, kuma a kansa mafi yawan bayanin nan zai tsaya. Idan ta ciki ya goge, danshin ɗakin ne ya yi yawa, wanda a nan Kano ba kasafai ake ganinsa ba sai a banɗaki bayan wanka da ruwan zafi, ko a kicin lokacin hunturu idan aka rufe ko'ina ana girki, kuma buɗe taga na ɗan lokaci ya isa ya kawar da shi. Idan kuwa ka goge ciki ka goge waje amma hazon yana nan, to ruwan yana tsakanin fallayen ne, kuma wannan kaɗai ne ke nuna gilashin ya samu matsala.

Yana da kyau kuma ka tabbatar cewa gilashin naka mai falle biyu ne da gaske, domin da yawa daga cikin tagogin da ake gani a sababbin gidaje, masu launin shuɗi ko kore da ke ɗaukar ido kamar madubi, falle ɗaya ne aka yi wa launi. Da daddare ka kunna ashana ko kyandir kusa da gilashin, ka duba ta gefe. Falle ɗaya zai nuna maka harshen wuta biyu, falle biyu zai nuna huɗu, kuma idan ɗaya daga cikin huɗun ya bambanta da sauran a launi, to a wannan fuskar aka yi shafen nan mai mayar da zafi, wanda 'yan kasuwa ke kira lo-i.

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya kwanciya a kan gilashi banza. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa a cikin fili mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, amma idan ta sauko zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Saboda haka duk lokacin da iska mai laima ta taɓa abin da ya fi ta sanyi sosai, sai ta sauke rarar ruwan a jikinsa. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga kwalbar lemo ko ledar ruwa da aka ciro daga firji a watan Agusta, wadda kafin ka kai ta baki ta jiƙa maka hannu, alhali a watan Janairu, lokacin da iska ta bushe, da ƙyar za ka ga gumi a jikinta. Zafin da iska ke fara sauke ruwanta a kai shi ne matakin saukar raɓa, kuma akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasta shi idan danshin iska ya haura kashi 50 cikin ɗari: ka cire adadin danshin daga 100, ka raba abin da ya saura gida 5, sannan ka cire sakamakon daga zafin iskar. Idan manhajar yanayi a wayarka ta nuna digiri 25 da danshi kashi 90, to duk abin da sanyinsa ya kai digiri 23 zai jiƙe. Tazarar digiri biyu kacal ke nan, kuma da asubar marka tazarar kan fi haka ƙanƙanta.

Sauran tambayar ita ce yadda gilashi zai fi iskar da ke kewaye da shi sanyi alhali ba a sa shi a firji ba. Muna cewa raɓa ta sauka, kamar daga sama take zubowa, kuma haka Turawa ma suka daɗe suna zato, har zuwa shekarar 1814 lokacin da wani likita mazaunin Landan, William Charles Wells, ya bayyana sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da curin ulu da ma'aunin zafi a cikin dare. Ya nuna cewa abin da ke kallon sarari kai tsaye yana fitar da zafinsa zuwa sama, har ya fi iska sanyi, sannan ruwan da ke cikin iskar ya kwanta a jikinsa, yayin da ulun da ya yi wa 'yar rumfa ta kwali bai jiƙe kamar na fili ba. Duk mai mota a Kano ya san wannan ko da bai san sunansa ba, domin motar da ta kwana a fili za ka same ta da safe rufinta da gilashin gabanta sun jiƙe sharkaf, wadda ta kwana a ƙarƙashin rumfa ko darbejiya kuwa a bushe take. Gajimare yana aiki kamar bargo, yana mayar da zafin ƙasa, iska mai kaɗawa kuma tana ɗumama abin da ya fara sanyi, shi ya sa raɓa ta fi yawa a daren da aka yi ruwa da yamma, sannan gari ya washe taurari suka fito, iska kuma ta tsaya cik. A Kano irin waɗannan darare sun fi yawa daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba.

Tagar falle ɗaya ma tana fitar da zafinta zuwa sama, amma ɗakin da ke bayanta yana mayar mata da abin da ta rasa. Ginin bulo da siminti yana shan rana yini guda, ya kwana yana amayar da zafin a cikin ɗaki, kuma wannan zafin yana ratsa gilashi falle ɗaya cikin sauƙi, ya hana shi yin sanyin da raɓa za ta kama shi. A lissafin masu ƙera gilashi, falle ɗaya yana barin kimanin wat 5.8 na zafi ya ratsa kowace murabba'in mita a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. Falle biyu da iska a tsakani yana rage wannan zuwa kimanin 2.8, idan kuma aka cika ratar, wadda yawanci milimita 12 zuwa 16 ce, da iskar agon, wata iskar gas da zafi ba ya ratsa ta da sauƙi kamar iskar da muke shaƙa, aka ƙara da siririn shafen azurfa mai mayar da zafi, adadin yakan sauko zuwa kimanin 1.1. Ma'ana fallen waje ya rabu da ɗumin ɗaki kusan gaba ɗaya, ya zama tamkar gilashin motar da ta kwana a fili. Wannan ne ya sa a ƙasashe masu sanyi kamar Jamus da Ingila, inda ake ɗumama ɗaki, masu sababbin tagogi suke ganin raɓa a waje wadda ba su taɓa gani a tsofaffin tagoginsu ba. Busassun gefunan da na gani a tagar yayana su ma suna da bayani: sandar alminiyom da ke raba fallayen biyu a gefe tana ɗauko ɗan ɗumi daga ciki, ta busar da abin da ke kusa da ita.

Sai dai a Kano akwai wani nau'i na biyu da ba a cika maganarsa a ƙasashen sanyi ba, kuma a ganina shi ya fi cancantar a kula da shi, wato gumin da na'urar sanyaya ɗaki ke jawowa. Mutum zai sa esi a kan digiri 16 ko 18 ya kwana a haka cikin marka, lokacin da matakin saukar raɓa a waje yake kusan digiri 22 ko 23. Idan tagar falle ɗaya ce, musamman idan iskar na'urar tana bugunta kai tsaye, gilashin zai yi sanyi har ta waje, ya riƙa tsiyaya kamar randa sabuwa. Gilashi mai falle biyu na ƙwarai ba ya yin haka a tsakiyarsa, domin sanyin ɗakin da ke isa fallen waje bai kai ya rage masa digiri ɗaya ba, amma firam ɗin alminiyom yana yi, saboda alminiyom ya fi gilashi saurin ɗaukar zafi da sanyi fiye da sau ɗari.

A nan ne za ka yi amfani da ido da agogo ka bambance su. Raɓar dare tana bayyana gab da asuba, tana kama tsakiyar gilashi ta bar gefuna, ta fi yawa a tagogin da ke kallon fili ko na saman bene, kuma da hantsi ya yi ta ɓace da kanta. Gumin esi kuwa daga firam da gefuna yake farawa, yana bin ɗakin da aka fi sanyayawa ko da tagarsa tana cikin inuwa, kuma yana iya fitowa da tsakar rana bayan an ɗauke ruwan sama. Idan har yanzu kana shakka, ka kashe na'urar dare ɗaya ka kwana da fanka, sannan ka duba da safe. Abin da ya ɓace na esi ne, abin da ya dawo kuma raɓa ce.

Maganin gumin esi yana hannunka, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka ɗaga na'urar zuwa digiri 24 ko 25, wanda ya isa barci mai daɗi a damina idan ka haɗa da fanka, ga kuma ragin kuɗin wuta ko na man janareta. Ka juya fukafukan na'urar yadda iskarta ba za ta doki taga ba, ka kuma saki labule mai kauri tsakaninta da gilashin. Idan gini kake yi yanzu, kada ka bari a kafa na'urar tana fuskantar babbar taga, kuma ka tambayi mai haɗa maka tagogin ko yana da firam mai tsarin roba a tsakiya, wanda ke raba alminiyom ɗin ciki da na waje. Ya fi tsada, amma sa gilashi mai falle biyu a cikin firam ɗin da sanyi ke ratsawa kamar rufe ƙofa ne a bar taga a buɗe.

Raɓar dare kuwa ba ta cutar da gilashi ko kaɗan, domin abin da ruwan sama bai ɓata ba raɓa ba za ta ɓata shi ba, kuma shawarata ga mafi yawan mutane ita ce su bar ta. Amma idan tana damunka, misali a tagar da kake son ganin ƙofar gida ta cikinta da sassafe, dabarar ita ce ka rage wa gilashin sararin da yake kallo. Rumfar kwano ko ta kankare a saman taga, ko baranda, ko bishiya a ɗan nesa, duk suna yin wannan aikin, kuma amfaninsu ya ninka a bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ragar sauro da aka sa ta wajen gilashi ita ma tana ragewa sosai. Ka kuma duba abin da ke ƙarƙashin tagar, domin furanni masu duhu da ake ba ruwa da magariba suna ƙara laima a daidai wurin, suna kuma tare iskar da za ta busar da gilashin, don haka ka mayar da ban ruwan zuwa safiya, ka rage musu tsawo. Akwai gilashin da aka yi wa shafe na musamman a fuskar waje domin ya rage fitar zafi zuwa sama, kamfanoni irin su Pilkington suna yin sa, amma ban ga hikimar cire gilashi mai lafiya a sa wannan ba saboda raɓar 'yan makonni a shekara, ga shi a hunturu da bazara iskar Kano ta bushe har ba a zancen raɓa a taga.

Inda nake son mai gida ya sa ido sosai shi ne inda ruwan ke zuwa bayan ya gangaro. A ƙasan kowane firam na alminiyom akwai ƙananan ramuka da aka huda domin ruwa ya fita waje, kuma a Kano ƙurar hunturu tana cika kwarin firam ɗin, ruwan farko ya mayar da ita taɓo, zanzaro kuma ya zo ya yi gini a cikin ramin. A gidan yayana na tarar an ma toshe biyu daga cikinsu da silikon, da nufin hana ƙura shiga. Idan ramukan suka toshe, ƙasan gilashin zai zauna cikin ruwa, kuma wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe danƙon da ya rufe fallayen. Kafin damina ta kankama, ka share kwarin da tsohon buroshin haƙori, ka zira tsinken tsintsiya a kowane rami, sannan ka zuba ruwa kofi ɗaya ka tabbatar ya fita ta waje. Ka duba dakalin tagar ma, ya kasance ya karkata zuwa waje, da ɗan kwari a ƙarƙashin leɓensa domin ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka duk wata tsaga tsakanin firam da filasta ka cike ta da silikon tun fenti bai fara kumbura ba, tun funfuna ba ta yi baƙi a kusurwar ɗaki ba.

Wajen gogewa, kada ka sa busasshen tsumma a kan gilashin da ƙura ta kwanta a kai, domin yashin da ke cikinta yana karce shi a hankali. Ka fara watsa ruwa, ka wanke da ɗan sabulun ruwa da soso mai laushi, sannan ka ja robar goge gilashi daga sama zuwa ƙasa. Reza da soson ƙarfe ba su da wuri a nan. Idan ruwan burtsatse ya bar farin tabo, ruwan kal da aka sirka da ruwa yana cire shi. Gilashi mai tsabta ma ya fi saurin washewa, domin raɓa a kan ƙura take barin zane-zanen da ke saura bayan ta bushe.

Idan gwajin yatsa ya nuna hazon yana tsakanin fallayen, to danƙon gefe ya buɗe. A cikin sandar da ke raba fallayen akwai ƙwayoyi masu shan danshi, dangin waɗanda ake samu a 'yar ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi, kuma suna iya ɓoye matsalar na wani lokaci har su ƙoshi, daga nan hazo ya fara bayyana, yana zuwa yana tafiya, daga baya ya bar farin dabbare da ba ya goguwa. Kada ka yarda a huda gilashin da sunan fitar da ruwa, domin iskar agon ta riga ta tafi, hudawa ba za ta dawo da ita ba. Haka kuma kada ka manna baƙar ledar rage haske a kan gilashi mai falle biyu ba tare da ka tambayi wanda ya ƙera shi ba, saboda tana iya tara zafi a falle ɗaya har ya tsage. Abin da ake yi shi ne a auna tsawo da faɗi da kauri, a cire gilashin kaɗai a sa sabo, firam ɗin ya zauna a inda yake. Ka ɗauki hoton hazon da safe da rana tsaka, ka nemo takardar sayen da ta garanti, ka kai wa wanda ya sa maka, kuma lokacin da za a ɗora sabon ka tsaya a wurin ka tabbatar an zaunar da shi a kan 'yan guntayen robar da ke ɗaga shi daga ƙasan firam, yadda gindinsa ba zai sake kwana cikin ruwa ba.